Wane suna za mu ba tamostat da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da makanikai da malaman Hausa. Akwai wani ɗan ƙarfe a jikin injin mota da bai cika tafin hannu ba, kwana uku kenan ina juya sunansa a raina na rasa Hausar da zan ba shi, wato tamostat. Lagireto ya riga ya zama namu, fambel ma haka, fanka da tiyo da geji duk sun zauna a baki, amma shi wannan har yau baƙo ne, kuma ni a ganina baƙuncin nan ne ya sa ake cutar sa, don abin da mutum bai san aikinsa ba shi yake fara cirewa ya yar.

Abin da ya tayar min da maganar, fikof ɗina ce mai shan dizal ta fara ɗaga allurar zafi duk lokacin da na yi lodi ina hawa tudu, na kai wa wani makanike, ko fanka bai taɓa ba ya ce a cire tamostat wai na ƙasashen sanyi ne shi ke hana ruwa tafiya. Aka cire. Sai ga shi da safe in yi tafiya mai nisa allura tana kwance ba ta kai inda ta saba ba, farin hayaƙi ya ƙi yankewa, mai yana saurin ƙarewa, kuma abin takaicin da na hau tudun nan da kaya sai allurar ta sake tashi kamar da. Ashe kulocin fanka ne ya mutu, sannan laka da ciyayi sun like tsakanin lagireto da kwandansan esi har iska ba ta ratsawa. An hukunta wanda bai ci ba bai sha ba.

Kafin a kawo suna bari in faɗi aikinsa yadda yake, don kar mu raɗa wa abu sunan maƙwabcinsa. A cikinsa akwai ɗan kwanso mai ɗauke da wani irin kaki kamar na kyandir. Inji yana sanyi kakin a daskare yake, sifirin ya danne hanya, ruwa yana zagaye cikin inji kaɗai ba ya zuwa lagireto. Da ruwan ya ɗau zafi sai kakin ya narke ya kumbura ya tura ɗan tsinken ƙarfe, hanya ta fara buɗewa a hankali, ba gaba ɗaya ba, ruwa ya ɗan huce ta ɗan koma, haka yake ta yi duk tsawon tafiya. Ka juya shi ka duba za ka ga lamba an buga a jikinsa, yawanci 82 ko 88, digirin da yake fara buɗewa kenan a ma'aunin Salshiyas, sai an ƙara kamar digiri 10 ko sama da haka kaɗan yake gama buɗewa. Motocin Amurka da Farenhayit suke lissafi, in ka ga 180 to 82 ɗin ce, 190 kuma 88. Injin dizal Duramax 6.6 na Chevrolet da GMC ma tamostat guda biyu gare shi a jere, Ford kuwa a Power Stroke 6.7 da suka fito da shi a 2011 hanyar sanyaya inji biyu suka yi daban daban. Masu ƙera irin waɗannan motocin na jan tirela ba za su ƙara abin da ba shi da amfani ba.

To bismillah, na ga an fara kawo sunaye.

Malam mai cewa "ma'aunin zafi", na gode ƙwarai, amma wallahi wannan sunan yana da mai shi. Ma'auni aunawa yake ya faɗa maka, shi ne gejin da ke gabanka da sensar da ke aika masa saƙo. Tamostat ba ya faɗa wa kowa komai, aiki yake da hannunsa. In muka ba shi wannan sunan gobe direba zai ce ma'aunin zafina ya lalace, yaron shago ya miƙo masa sensa alhali ruwa ne ba ya wucewa.

Ɗan uwa da ya ce "makullin ruwa", ka kusa, sai dai makulli ko a kulle ko a buɗe, ba shi da tsaka-tsaki, kuma sunan zai ƙara wa masu cirewa hujja, za su ce ai ka ji ko sunansa ma kulle ruwa yake. "Bawul ɗin zafi" daidai ne a ma'ana amma mun gudu daga aro mun faɗa aro, kuma ana cewa bawul makanike zai tuna na kan silinda.

Wani malaminmu ya kawo "madaidaicin zafi", ya kuma tuna mana asalin kalmar daga harshen Girka take, zafi da tsayawa, wato abin da ke tsayar da zafi wuri guda, kuma wani masani ɗan Sikotilan Andrew Ure ne ya yi amfani da sunan a wajajen 1830 tun babu mota a duniya. Allah ya ƙara ilimi Malam, a ma'ana kai ka fi kowa dacewa. Matsalata ɗaya ce, Bahaushe in ya ji madaidaici abin da ke zuwa masa shi ne matsakaici, ba babba ba ba ƙarami ba, sai ya ɗauka zafin ake siffantawa ba ƙarfen ba. Amma kar mu yar da shi, don akwai wata maganar da ita ma ba ta da suna, zafin da ake so inji ya zauna a kai yana aiki. Ni zan so mu kira shi "zafin aiki" a taƙaice, madaidaicin zafi ya zama bayaninsa.

Kuma wannan zafin aikin shi ne mutane da yawa ba su yarda da shi ba. Ana ganin inji mai sanyi shi ne mai lafiya, to ba haka ba ne, balle dizal da ba shi da fulogi, iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Yawancin fikof masu dizal tsakanin digiri 85 zuwa 95 suke zama, da kaya a tudu su haura 100 kaɗan su dawo, ba komai. Inji mai yawo a 60 ba ya ƙone mai duka, kunkunniya tana taruwa, ɗanyen dizal yana zirarewa ta gefen fistin ya tsinka baƙin mai, laimar da ke cikin baƙin man ba ta ƙafewa, sababbin motoci masu matatar hayaƙi a salansa kuwa matatar toshewa take da wuri. In aka jona kwamfuta sau da yawa lambar P0128 take fitowa, ma'anarta ruwa bai kai zafin da ya kamata ba. Allurar ma kar a ba ta amana duka, a motoci da yawa an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, sai abu ya yi nisa take motsi.

Sunaye biyu suka rage da suka tsaya min a rai, "mai gadin zafi" da wani direba ya kawo, da "ƙyauren zafi" da wani dattijo da ya daɗe yana kwance inji ya kawo. Da farko mai gadi na fi so don yana da daɗin faɗa kuma yana nuna abin amfani ne. Sai Baba ya ce in gwada su a irin maganar da ake yi a gindin mota, na gwada. Ciwon tamostat iri biyu ne, ya maƙale a rufe mota ta tafasa cikin 'yan mintuna, ko ya maƙale a buɗe ta ƙi ɗaukar zafi. To ka ce mai gadi ya maƙale a buɗe ka ji, ba ta shiga kunne. Amma ƙyauren ya maƙale a buɗe, ƙyauren ya ƙi buɗewa, ƙyauren rabi yake buɗewa, an ɓalle mata ƙyaure, kowacce ta zauna daram kamar dama can da ita ake magana. Kuma ƙyaure ana sakaya shi ana wangale shi ana barin sa tsaka-tsaki, daidai da yadda ƙarfen yake yi. Baba Allah ya saka da alheri, ka gama magana.

Wata 'yar uwa ta ce ai ruwa ne ke bi ta wurin ba zafi ba, me ya sa ba ƙyauren ruwa ba. Hajiya tambayarki tana kan hanya. Dalilina shi ne hanyoyin ruwa suna da yawa a mota, murfin lagireto ma ƙofa ce da matsi ke buɗewa, amma guda ɗaya ne tak zafi ke buɗe shi, sunan sai ya bi mai buɗewar.

Ga yadda bincike zai fito da sabon sunan, ku ji ko akwai inda ya yi tuntuɓe. Ka tayar da inji yana sanyi ka dafa tiyon sama, hannu da riga nesa da fanka da fambel. In ya fara ɗumi a hankali tun farko tare da inji, ƙyauren a buɗe yake. In ya zauna da sanyi sai allura ta kusa wurinta sannan ya ɗau zafi lokaci guda, lafiya lau. In allura ta wuce wurinta lagireto yana nan da sanyi, ko ƙyaure ya ƙi buɗewa ko famfon ruwa ba ya turawa ko iska ta shige hanya. Ka ciro shi ka rataya a tukunyar ruwa bisa wuta kana kallo, kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ya buɗe, ka sauke ya huce ya rufe. In ya yi haka ka wanke shi daga zargi ka nemi ciwon a wani wuri. Zafi a cunkoso ko a tsaye amma a buɗaɗɗen titi ya sauka, fanka ce ko kulocinta. Zafi da gudu ko da kaya, lagireto ya toshe ciki ko waje. Ruwa yana raguwa ba a ga yoyo ba, kumfa tana tasowa a gorar ruwa, tiyo ya yi tauri kamar taya, baƙin mai ya koma kalar madara, wannan sai a duba gaskit ɗin kan silinda, a sababbin dizal har da na'urar da ke sanyaya hayaƙin da ake mayarwa inji don ita ma tana fashewa ta sha ruwa.

Murfin lagireto kuma dan Allah a daina raina shi. Matsin da yake riƙewa, kusan bar 1 a ma'aunin matsi, shi ke ɗaga inda ruwa zai tafasa. Zallar ruwa a 100 yake tafasa, rabi ruwa rabi kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake saya a shago, ya kai wajen 107, da murfi mai lafiya ya haura 120, murfin da robarsa ta mutu sai ya sa lafiyayyen inji amai. Kuma kar wanda ya buɗe shi inji na da zafi, tururin nan yana saɓule fatar fuska da hannu.

Abu ɗaya da na so masu cirewa su sani, ƙyaure da yawa suna da ɗan faifai a ƙasa wanda in ya buɗe hanyar lagireto sai ya toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa inji kai tsaye. Ka cire shi gajeriyar hanyar ta zauna a wangale, ruwa kuwa sauƙi yake bi, wani kaso ya riƙa zagaye bai ga lagireto ba, da safe sanyi da kaya zafi. Wanda zai mayar da nasa ya sayi mai lambar da littafin motarsa ya ce, in yana da ɗan ƙaramin rami mai tsinke mai motsi a gefe a sa shi ta sama don iska ta fita.

Na san a gareji tamostat za a ci gaba da cewa kuma ba na faɗa da hakan, a shago ma da shi za ka tambaya. Amma a rubutu da wajen koya wa yara aiki ni daga yau ƙyauren zafi zan riƙa cewa, da zafin aiki. Saura sensa, wani ya riga ya kawo "mai jin zafi" amma wannan kamar maras lafiya ake nufi, a kawo wani.