Ina neman manhajar majong ta kyauta, ta mutum huɗu, wadda ba ta bukatar intanet

Ɗan Kasala:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wa ya san manhajar majong ta gargajiyar Sin da ake samu kyauta? Duk wadda na sauke, sai in tarar da tulin duwatsu ana cire biyu-biyu masu kama da juna, alhali an ce wasan na mutum huɗu ne kamar wasan karta na konkan. Kwamfutar tsohuwa ce, Windows ke kanta, kuma kun san yadda wuta da netwok suke a nan Kasala. Wadda za ta yi aiki ba intanet nake so.

Malam Na-Gadarif:
Wa alaikumus salam. Abin da kake saukewa ba majong ba ne, duwatsun kawai ya ara. Wasan mutum ɗaya ne da Brodie Lockard ya ƙirƙira a kwamfuta a 1981, kamfanin Activision ya yaɗa shi da sunan Shanghai a 1986. Mahjong Titans na Windows 7 da KMahjongg duk danginsa ne. Na asalin ya fito ne daga ƙasar Sin a ƙarni na 19.

Biyu zan ba ka. Ta farko ita ce Mah-Jong ta Julian Bradfield, wadda ake kira xmj. Ƙarama ce, tana da na Windows, kuma ita ta dace da kwamfutarka. Kashi uku ce: mj-server shi ne alƙali mai raba duwatsu da lissafi, mj-player shi ne ɗan wasan kwamfuta, xmj kuma shi ne teburin da kake gani. Ka bar su ukun a jaka ɗaya. In ka ɗauke xmj kaɗai ka kai fuskar kwamfuta, teburin zai iya buɗewa amma wasa ba zai tashi ba, don bai ga alƙalinsa ba. Ka buɗe xmj, ka zaɓi sabon wasa na cikin gida, ka sa 'yan wasan kwamfuta uku, shi ke nan.

Ta biyu Kajongg ce, ta ƙungiyar KDE mai yin manhajojin kyauta. Ta fi kyan gani, amma a Linux ta fi zama lafiya: `sudo apt install kajongg`. Ka lura da harufan, KMahjongg daban, Kajongg daban, mutane da yawa a nan suke ɓata.

Duwatsun 144 ne. Gida uku: ɗigo, gora, da rubutu, kowanne daga 1 zuwa 9, kowace lamba guda huɗu, 108 ke nan. Iskoki huɗu (Gabas, Kudu, Yamma, Arewa) sau huɗu, 16. Dodanni uku, ja da kore da fari, sau huɗu, 12. Sai furanni huɗu da lokutan shekara huɗu, waɗanda ba a haɗa komai da su: ka ajiye a gabanka, ka ɗauki madadi. Kujerun 'yan wasan huɗu ma sunayen iskokin nan ake kiransu da su: kowa yana riƙe 13, mai kujerar Gabas ya fara da 14. Ci shi ne haɗi huɗu da ma'aurata ɗaya, wato duwatsu biyu iri ɗaya.

Hajiya Ummu Bashir:
Malam ya gama magana kan manhaja. Ni zan ja kunnenka ne, ƙanena, tun da konkan ka ambata, domin hannun ɗan konkan shi ne yake fara shan kashi a wannan wasa.

Haɗi iri uku ne. Chow jeri ne na lamba uku a gida ɗaya, kamar 3, 4, 5 na gora. Pung uku ne iri ɗaya sak. Kong huɗu ne iri ɗaya, kuma wanda ya yi shi sai ya ɗauki dutse ɗaya na cike gurbi. Zagaye yana tafiya ta hannun dama, saboda haka chow ba ka ɗaukarsa sai daga wanda ke hagunka, wanda ya jefar kafin kai. Za ka ga dutsen da kake jira ya faɗo daga na gabanka, maɓallin chow bai kunna ba, ka ce manhaja ta lalace. Ba ta lalace ba, doka ce. Pung kuwa daga kowa ake ɗauka, kuma in mutum biyu suka nemi dutse ɗaya, mai ci ne gaba, sai mai pung ko kong, mai chow a ƙarshe.

Ga inda ta fi zafi: a lissafin gargajiya chow ba shi da maki ko ɗaya. Pung na 2 zuwa 8 maki 2 ne in ka ɗauka a fili, 4 in ka haɗa shi a ɓoye daga bango, wato jerin duwatsun da ake ɗiba daga ciki. Pung na 1, na 9, na iska ko na dodo 4 ne a fili, 8 a ɓoye. Kong na ƙananan 8 da 16, na manyan 16 da 32. Kowane fure 4. Sannan pung na dodo, ko na iskar kujerarka, ko na iskar da aka sa wa zagayen da ake ciki, yana ninka jimlar gaba ɗaya.

Ɗauki misali kana kujerar Kudu. Kana da jan dodo uku a ɓoye, 8. Ɗigo biyar guda uku a fili, 2. Chow biyu, babu komai. Ma'auratan iskar Kudu, 2. Fure ɗaya, 4. Ladan ci 20. Jimla 36, dodo ya ninka ta koma 72. Yamma da Arewa kowa ya biya 72, Gabas ya biya 144, don shi ninki yake biya, ninki yake karɓa. Ka tashi da 288. Waɗanda ba su ci ba ma suna biyan junansu bambancin makinsu, don haka mai riƙe da pung biyu masu nauyi yana iya tashi da riba ko bai ci ba. Wannan ne ya sa nake son lissafin gargajiya fiye da sauran: ba a zubar da hannu don an ga wani zai riga ka.

Maki ne kawai a allo, babu sisin kowa a ciki, kuma haka ya kamata ya tsaya.

Injiniya Sale, Fotsudan:
Hajiya, gyara kaɗan: chow ba abin yarwa ba ne. Shi ya fi saurin haɗuwa, domin 4 da 5 suna jiran 3 ko 6, duwatsu takwas ke nan, amma ma'aurata masu neman zama pung biyu kacal suka rage musu. Idan Gabas ya baje pung biyu na dodo a gabansa, gara ka rufe hannun da chow ka ci ƙaramin maki da ka zauna jiran babba. Sai dai a Kajongg a duba dokar da aka zaɓa kafin a fara: akwai ta ƙungiyar Jamus da ta Ingila, kuma ta Ingila chow ɗaya tak ta yarda da shi a hannu.

Ɗan Kasala, in kuna so ku buga ku huɗu, ba sai da data ba. Mutum ɗaya ya kunna hotsifot na wayarsa, kwamfutocin su hau kansa. Wanda ya buɗe wasan ya rubuta `ipconfig` ya karanto adireshinsa, sauran su shiga da shi ta ƙofa mai lamba 5000. In sun kasa shiga, kusan kullum katangar tsaron Windows ce ta tare mj-server, a ba shi izini. A ɗora wasan a kan laftof ɗin da batirinsa ya fi lafiya, domin in shi ya mutu da ɗaukewar wuta, teburin duka ya watse.

Abu biyu da za su dame ka a makon farko. Lokacin neman dutsen da aka jefar gajere ne, ka ƙara shi ko ka cire shi a saiti har idonka ya saba. Sai karatun duwatsun: gora ta 1 hoton tsuntsu ce, ba fure ba, farin dodo kuma fili ne ko zanen murabba'i. A gidan rubutu 1, 2, 3 layuka ne da za ka ƙirga, daga 4 zuwa 9 sai an haddace, don haka ka zaɓi zubin duwatsu mai ƙananan lambobi a kusurwa.

Ɗan Kasala:
Allah ya saka da alheri. Na sa xmj, ta tashi. Hajiya, idan ina da pung a fili sai na ɗauko na huɗunsa daga bango, in mayar da shi kong ko in bari?

Hajiya Ummu Bashir:
Ka mayar, in na 2 zuwa 8 ne maki 2 zai koma 8, ga ƙarin dutse. Amma in hannu ya yi nisa kuma babu maƙwabtan lambar nan a cikin waɗanda aka jefar, ka yi hattara: wanda ke jiran wannan dutsen don ya ci yana da ikon fizge shi daga kong ɗinka.