Kalmar "nim" da harshen Nim: shawarwarin 'yan zaure

Aminu: Assalamu alaikum. Ina shirin fara koyon Nim, harshen rubuta manhajar kwamfuta, sai na ga kalmar a wani tsohon rubutun Turanci. Shin daga can sunan ya samo asali, kuma da me zan fara karatu?

Malam Bello: Wa alaikumus salam, Aminu. A tsohon Turanci ana cewa "niman" da ma'anar ɗauka ko kamawa, kuma 'yar uwarta "nehmen" tana nan da ranta a Jamusanci. Bayan mutanen Sikandinabiya sun zauna a Ingila, kalmarsu ta "taka" ta ture ta sannu a hankali har ta zama "take" ta yau, ita kuwa "nim" sai ta koma bakin ɓarayi da ma'anar zare abin mutum a ɓoye. Ka nemi ƙamus na Bosworth da Toller, wanda ake karantawa kyauta a intanet, domin yana kawo jimlolin da aka yi amfani da kalmar a cikinsu.

Malama Rabi: Gaskiya ne, Malam. Jikokinta ma suna nan: "numb", wato gaɓar da ta sandare kamar an kama ta, da "nimble", mai saurin cafkewa.

Injiniya Sadiya: Ƙanena Aminu, sunan harshen bai fito daga tsohuwar kalmar ba. Andreas Rumpf ya fitar da shi a 2008 da sunan Nimrod, wato Namarudu, aka gajarta shi zuwa Nim a 2014. Sigar 1.0 ta fito a 2019, ta 2.0 kuma a 2023. Shawarata ita ce ka fara da darasin da ke shafin harshen kansa, domin littafin Dominik Picheta, Nim in Action, duk da kyawun bayaninsa, ya fito tun 2017, kuma wasu misalansa na bukatar gyara a sabuwar siga.

Aminu: Na gode, Yaya Sadiya. Python kaɗai na taɓa koya, ko za ta taimake ni?

Injiniya Sadiya: Ƙwarai kuwa, domin tsarin jera layukansu ya yi kama sosai. Bambancin shi ne Nim yana mayar da rubutunka zuwa harshen C kafin ya zama manhaja, saboda haka ka fara sanya GCC, mai sarrafa rubutun C ya zama manhaja, a kwamfutarka, sannan ka yi amfani da wata manhajar Nim mai suna Nimble wajen sauke ƙarin kayan aiki.