Jarida ta manne a kan teburin katako

Hajiya, unguwar Zariya: Assalamu alaikum, ƴan uwa. Shekaranjiya yara suka shimfiɗa jarida a kan teburina, suka ɗora kwanon tuwo da zafinsa, da na zo ɗagawa sai na tarar takardar ta manne wa katakon. Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ya yi mini teburin nan lokacin aurena, shi ya sa ban kuskura na sa masa wuƙa ba. Ina neman shawararku.

Malam kafinta, Mokoyo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya gafarta wa Baba. Zafi da tururin kwanon ne suka tausasa man ƙyallin da ke jikin katakon, takardar ta nutse a ciki, da ya huce kuma ya riƙe ta. Ki ɗiga man gyaɗa a kai har takardar ta jiƙe ta yi duhu, ki bar ta kamar awa 1, sannan ki riƙa ture ta a hankali da tsohon katin roba, kina bin tsawon katakon, ba a gicciye ba. Amma idan katakon tsurarsa yake, ba a shafa masa komai ba, kada ki sa mai, domin zai shanye shi ya bar baƙin tabo.

Malama, Bagalam: Ni tsumma nake jiƙawa da ruwan ɗumi in ɗora a kai, kuma yana yi mini aiki.

Malam kafinta: Yana yi, Malama, idan an matse tsumman sosai kuma bai daɗe ba, don ruwan da ya kwanta a kan man ƙyalli yakan bar farin tabo.

Inna, Sabon Gari: Ɗiyata, abu ɗaya zan roƙe ki: kada ki kusanto da ruwan goge jan farce. Na taɓa gwada shi a kan gadona, takardar ta fita, amma ƙyallin ya narke tare da ita, wurin ya dushe kamar faɗin tafin hannu, har yau ina ganinsa raina na ɓaci. Kome za ki shafa, ki fara gwadawa a ƙarƙashin teburin.

Hajiya: Na gode, Inna, na gode, Malam. Na gwada man gyaɗan bayan la'asar, takardar ta saluɓe sai ɗan gefe guda, shi ma na ƙara masa mai na bar shi ya kwana. Inuwar rubutun ce ta saura. Malam, ita kuma yaya zan yi da ita?