Bushewar gaba da zafin fitsari bayan ɗaukewar al'ada: sanyi ne?

Uwar Biyu, Agege:
Salamu alaikum. Mace ce mai shekara 53, al'ada ta ɗauke mata shekara uku ke nan. Gaba ya bushe, saduwa da zafi, ga fitsari a kai a kai da raɗaɗi. An sha maganin sanyi na kemis har an gaji. Mene ne abin yi?

Anti Nas, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Da wuya sanyi ne. In al'ada ta ɗauke, sinadarin istrojin da jikin mace ke samarwa yana raguwa, sai fatar cikin gaba ta yi siriri, ni'ima ta janye. Bututun fitsari da mafitsara su ma da istrojin suke ƙarfi, shi ya sa matsalolin biyu ke zuwa tare. Kuma ba kamar zafin jikin nan mai tasowa ba, wannan ba ya wucewa da kansa.

Maganin da ke taɓa tushen abin shi ne istrojin na sakawa a gaba: kirim na estriol irin Ovestin, ko ƙwayar estradiol mai maikirogiram 10. Kowane dare na kimanin mako 2, daga nan sau 2 a mako. Sauƙi kan fara cikin 'yan makonni, amma a ba shi wata 3 kafin a yanke hukunci. Inda ake kuskure: da an ji daɗi sai a ajiye, bushewar ta dawo. Abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai. Duk da haka likitan mata ne zai rubuta, akwai su a asibitocin koyarwa na jami'a a Legas, wato LUTH na Idi-Araba da LASUTH na Ikeja. Wadda ta taɓa kansar mama sai da yardar likitanta.

Maman Yara, Mile 12:
Don Allah a daina matsi! Alif, ruwan bagaruwa, tsarki da Dettol ko sabulu, duk ƙara busar da wurin suke. Ruwa zalla ya isa, daga waje. Man saduwa a nemi na ruwa ko na silikon. Basilin yana lalata kwaroron roba. Akwai kuma man danshi da ake sakawa duk bayan kwana 2 zuwa 3, ko babu saduwa.

Anti Nas:
Na manta fitsarin. Kafin a ƙara shan komai a kai shi gwajin da ake shuka ƙwayar cuta, a duba suga. In cutar fitsari ta tabbata sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 a shekara, istrojin ɗin nan yana rage dawowarta. Kar a ƙi shan ruwa don tsoron cunkoson hanyar Legas, fitsari mai kauri ya fi ƙuna. In yana zubowa da tari ko atishawa, a riƙa matse tsokar riƙe fitsari sau 8, sau 3 a rana, har wata 3.

Jini kuwa bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ne, asibiti a makon nan.