Ƴar Alhaji da almajirin gidansu a labarin yara: abota ce ko yaudara?

Maman Haidar: Salam ƴan uwa. Ina cikin rubuta wani labarin yara irin na bincike, har na kai babi na shida. Yarinya ce ƴar shekara 11 a Nasarawa GRA ta Kano da almajirin da ke musu shara da wanke-wanke, sarƙar gwal ɗin Hajiya ta ɓata aka ce shi ya ɗauka, sai su biyun suka haɗa kai suka gano ainihin ɓarawon. Na ba maigida ya karanta yace wai yaudarar yara kawai nake, ba inda ƴar mai kuɗi ke abota da almajiri, ƙwarya ta bi ƙwarya. Wlh abin ya tsaya min a rai. Ku ya kuka gani?

Abban Sadiya: Kiyi haƙuri Maman Haidar amma yana da gaskiya. A ina ma zasu haɗu? Ita direba ya kaita boko ya dawo da ita, ta ci abinci ya sake kwasarta zuwa islamiyya, shi kuwa iyakarsa bakin famfo, in ya gama a zuba masa a robarsa ya fita maigadi ya rufe get. Ko sunansa na gaskiya ba lallai ta sani ba, "kai almajiri" kowa ke ce masa.

Anti Bilki: Haba Abban Sadiya sai kace ba a ƙasar nan ka tashi ba. Mu a Zariya almajirin gidanmu ya fi shekara shida tare damu, kwano ɗaya suke ci da yayana, shi ke biya masa karatu in an kusa tashi hadda, kuma har yau in ya shigo gari sai ya zo gaida Inna yana cewa uwar ɗakina.

Abban Sadiya: Anti wannan gidan cikin gari ne mai zaure, kowa ya yi sallama ya shiga. Kuma da bakinki kika ce uwar ɗaki. Uwar ɗaki daban aboki daban.

Malam Ɗan Gusau: Bari in sa baki, don ina karanta wa ƴan ajina irin waɗannan. Matsalar nan ba a kanmu aka fara ba. A labarin farko na Sherlock Holmes, ɗan binciken nan na littattafan Turawan Ingila, na 1887, akwai yaran titi na Landan da yake aika su nemo masa bayani saboda su ba wanda ke kula da su, ko ina sai su kutsa su ji komai. Amma me yake basu? Sule ɗai-ɗai, kuma ya ce daga yau shugabansu kaɗai zai riƙa hawowa sama sauran su jira a titi. To wannan aikatau ne ba abota ba, kuma shi Abban Sadiya ke tsoro. Sai dai ku dubi na Bajamushen nan Erich Kästner na 1929, Emil da ƴan bincikensa. Emil maraya ne, uwarsa gyaran gashi take wa mata a gida, ta haɗa masa mak 140 (kuɗin Jamus na lokacin) da ƙyar aka sace a jirgin ƙasa kafin ya isa Balin. Yaran birni suka taru suka taya shi, ciki har da wanda ubansa babba ne a harkar shari'a da wani ƙarami da aka ajiye gaban tarho don a gidansu akwai, a zamanin da ba kowane gida ba. Amma da aka je banki ɓarawon na rantsuwa kuɗinsa ne, Emil ɗin da kansa ya tuna ya maƙale kuɗin da allura a aljihu, aka ɗaga takardun aka ga hudar. Kunga yaron talakan ne ya warware, kuma da dabarar da talauci ya koya masa, ɗan mai kuɗi ina zai tsaya soka allura a kuɗi.

Maman Haidar: Malam nagode, nawa ma kusan haka ne, shi ya san lungunan da ake sayar da kayan sata, ita kuma ta san abinda ke cikin ɗakin Hajiya.

Ummu Nana: Ni ba wannan ne ya dameni ba. Yarinya mace ƴar 11 tana yawon lungu da namiji da sunan bincike? Ni dai bazan saya wa ƴata ba gsky. Ki mayar da ita namiji kowa ya huta.

Maman Haidar: Ai bata fita ko sau ɗaya ba Ummu Nana, ta tagar kicin suke magana, da gangan na yi haka. In na mayar da ita namiji rabin wahalar labarin ta tafi.

Ɗan Tsangaya: Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Ni nayi bara, nayi aikin gida kusan shekara huɗu kafin in sauke. Abotar ba ƙarya bace, akwai yaron gidan da yake ɓoye min nama a leda, ran alhamis da bamu da karatu tare muke buga ƙwallo a bayan gida in babansa baya nan. Inda ƙaryar take shine a ce an tsaya ana bincike. Ran da wayar wani baƙo ta ɓata a gidan ba wanda ya tambayeni komai, mari aka fara da shi sannan aka zazzage buhun kayana a tsakar gida, daga baya aka ganta a ƙarƙashin kujerar mota, ba wanda ya ce min yi haƙuri, abinci kawai aka ƙara min ranar. Shi kuma abokin nawa yana tsaye yana kallo bai iya cewa uffan ba, kuma ban riƙe shi ba don shima yaro ne. Hajiya in tambayeki, ya kika ƙare labarin?

Maman Haidar: Allah sarki, wlh jikina yayi sanyi. Ƙarshen dai Alhaji ya ɗauke shi kamar ɗansa ya sa shi a makarantar su yarinyar.

Ɗan Tsangaya: Ai na sani, duk haka kuke yi. Yaron nan fa yana da iyaye a ƙauye, yana da malaminsa, wataƙila ya kai izu arba'in, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Kuma sai da ya ƙwato gwal sannan ya zama mutum? In da ba a gano sarƙar ba fa?

Anti Bilki: To amma Malam littafin yara ne fa, so kake a rufe shi suna kuka? Ai dole a basu abin daɗi a ƙarshe.

Ɗan Tsangaya: A basu mana Anti. Hajiya ta kira shi da sunansa ta bashi haƙuri a gaban duk wanda aka mare shi a gabansa. Ni a lokacin da an min haka ya fi min makarantar kuɗi.

Abban Sadiya: Wannan kam ya fi ɗaukar nauyin karatun wuyar faruwa 😂 ban canja ra'ayi ba amma zan karanta. Wai ma tukuna waye ɓarawon?

Maman Haidar: Direban gidan ne.

Malam Ɗan Gusau: Innalillahi. Kin wanke talaka ɗaya kin ɗaure wani.

Maman Haidar: Kai jama'a kun gama dani yau 😭 bari in koma babi na uku, dama akwai wani ƙanin Hajiya da na saka yana zuwa cin abincin rana kullum, har yanzu ban samo masa aikin yi a labarin ba.