Muhawara: "is" ko "are" bayan neither da nor a Turanci?

Hajara: Jama'a, ku raba mana gardama. Na rubuta *Neither the students nor the teacher is ready*, wani ya ce kuskure ne, wai tunda akwai ɗalibai a jimlar dole a ce *are*.

Malam Sani: Daidai kika rubuta, ƙanwata. A *either…or* da *neither…nor*, aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi. *Teacher* tilo ne, saboda haka *is*. Juya su ki gani: *Neither the teacher nor the students are ready.* Haka *not only…but also* yake.

Bashir: Malam, a gafarce ni, ban gamsu ba. Mutum nawa ake magana a kansu? Taro guda, kuma duk ba su shirya ba. Turawan ma da kansu a hira sukan ce *neither John nor Mary are coming*.

Malam Sani: Sukan faɗa, ban musa ba. Amma bakin hira daban, alƙalamin jarrabawa daban. *Nor* ba ya tara mutane, ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukarsu. Mai tarawa shi ne *both…and*, shi kam kullum jam'i ne. Duba Hausarmu ma: "da Audu da Bala za su zo", amma "ko Audu ko Bala zai zo".

Zainab: Ni fa ina ganin Bashir na da ɗan gaskiya. Jimlar Hajara ba ta karya doka ba, amma tana yi wa kunne nauyi. Shi ya sa tun zamanin Lindley Murray, wanda littafinsa na nahawun Turanci ya fito a 1795, ake ba da shawarar a ajiye jam'in kusa da aikatau. Sai doka da kunne su shirya.

Bashir: Yauwa, Anti! Ashe kunnena bai yi ƙarya ba.

Zainab: Kar ka yi saurin murna, ban ce ka rubuta *the teacher are* ba.

Hajara: To *neither you nor I* fa? *Am* za a ce?

Malam Sani: A doka, *am* ne. Amma ni kaina ba na iya furta shi. Sai in kauce in ce *neither of us is*.

Bashir: Au, Malam ma gudun dokar yake yi?

Malam Sani: Kewaye ta na yi, Bashir, ban taka ta ba.