Man aksul na baya ya ƙi daina zuba

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka. Tsohuwar Hilux gare ni, da ita nake ɗauko citta daga Kachia, abincin gidana ke nan. Wata uku ke nan aksul na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, yana yoyo. Sau biyu makanike ya canza oyil sil (robar da ke hana mai zuba) na wajen furofela (sandar da ke kai ƙarfin inji ga aksul), muka sa sabon gaskit, amma kullum da asuba sai in tarar da baƙin mai a ƙasa kamar faɗin faifai.

Jiya na kwanta ƙarƙashinta na kankare tsatsar da wuƙa, sai na ga ƙarfen kansa yana jiƙewa. Walda za ta riƙe, ko in haƙura in nemo wani aksul a Panteka?